ALEXANDER VON HUMBOLDT (1769–1859): MASANIN DA YA AUNA IYAKAR ITATUWA A KAN TSAUNUKA

Gabatarwa

Duk wanda ya hau dogon tsauni, a kowace nahiya yake, zai tarar itatuwa na raka shi tun daga gindi, suna sauya kama a hankali, suna gajarcewa, har a kai wani wuri inda za su tsaya cak kamar an shata musu layi. Daga nan sai ciyayi, sai duwatsu tsirara, sai ƙanƙara. Makiyaya da mafarautan ƙasashen tsaunuka sun san da wannan layi tun kaka da kakanni, kuma akwai masana a Turai da suka yi maganarsa jefi-jefi. Amma wanda ya ɗauki ma'auni ya auna inda layin yake, ya kwatanta na wata nahiya da na wata, har abin ya zama fannin ilimi mai zaman kansa, shi ne Bajamushen nan Alexander von Humboldt.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Humboldt a birnin Balin ranar 14 ga Satumba, 1769, lokacin da birnin yake hedkwatar daular Prusiya. Mahaifinsa hafsan soja ne kuma bafade, ya rasu a 1779, yaron bai cika shekara goma ba. Mahaifiyarsa, Marie Elisabeth, mace ce mai dukiya kuma mai tsanani. Ita ta riƙe shi da wansa Wilhelm a gidan gonarsu na Tegel, ta ɗauko musu malamai har gida. Ɗaliban harshe za su sake cin karo da sunan Wilhelm, domin shi ne ya yi fice a nazarin harsuna, ya yi aiki a kan harshen Baske da kuma Kawi, tsohon harshen adabin tsibirin Jaba, sannan ya jagoranci kafa Jami'ar Balin a 1810. Shi kuwa ƙanen, tun yana yaro aljihunsa ba ya rabuwa da ganyaye da ƙwari da 'yan duwatsu, har mutanen gida suka riƙa yi masa laƙabi da ƙaramin mai haɗa magunguna.

Burin uwar shi ne ya zama ma'aikacin gwamnati, saboda haka ya bi inda aka tura shi. Ya yi karatu a Frankfurt ta bakin kogin Oder, ya wuce Jami'ar Göttingen a 1789, sannan a 1791 ya shiga makarantar koyon haƙar ma'adinai ta Freiberg. Mutum biyu ne suka karkato da hankalinsa a wannan tsakani. Na farko Carl Ludwig Willdenow, masanin tsirrai, wanda ya koya masa tantance su da ajiye su. Na biyu Georg Forster, wanda ya taɓa zagaya duniya a jirgin Kyaftin Cook. Shi da Humboldt sun yi tafiya tare a 1790 ta kogin Rhine har zuwa Ingila da Faransa, kuma tun daga nan ƙafar saurayin ta fara ƙaiƙayi.

A 1792 aka naɗa shi sufeton ma'adinai. Ya yi aikin bilhaƙƙi, har ya buɗe wa mahaƙa makaranta kyauta da kuɗin aljihunsa. Ko a ƙarƙashin ƙasa bai bar tsirrai ba, domin littafinsa na 1793 yana magana ne a kan ire-iren tsirran da ke rayuwa cikin duhun ramukan Freiberg. Da mahaifiyarsa ta rasu a 1796 ya gaji dukiya mai yawa, sai ya ajiye aiki, ya shiga sayen na'urorin awo yana koyon sarrafa su.

Tafiya Zuwa Amurka

A birnin Faris ya haɗu da Aimé Bonpland, likita Bafaranshe mai ƙaunar tsirrai, suka ƙulla abota. Yaƙe-yaƙen zamanin Napoleon sun rushe musu shiri fiye da sau ɗaya kafin Sarkin Sifen, Carlos na IV, ya ba su izinin shiga ƙasashen da yake mulka a Amurka, izinin da ba kasafai ake ba baƙo ba. Suka tashi daga La Coruña ranar 5 ga Yuni, 1799. Da jirgi ya yada zango a tsibirin Tenerife sai suka hau dutsen Teide mai tsawon kimanin mita 3,700. A nan Humboldt ya fara ganin abin da zai zama aikin rayuwarsa: gonakin inabi a ƙasa, sai kurmi mai duhuwa, sai dajin fain, sai ƙananan itatuwa, sai ciyayi, kowanne a hawansa.

Sun sauka Cumaná ta ƙasar Benezuwela ranar 16 ga Yuli, 1799. Labarin shigarsu kogin Orinoko a kwalekwale, da azabar sauro, da tabbatar da cewa mashigin Casiquiare ya haɗa Orinoko da ruwayen Amazon, sananne ne, kuma ba shi ne abin da ya dame mu a nan ba. Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne tafkin Valencia. A farkon 1800 mazauna wurin suka shaida masa cewa ruwan tafkin yana ja da baya, suna zaton wani rami ne a ƙarƙashi yake shanye shi. Humboldt ya duba tuddan da ke kewaye, ya ga an sare dazuzzukansu, an kuma karkatar da ƙoramu zuwa gonakin baba. Sai ya yi bayanin cewa itatuwa suna yi wa ƙasa inuwa, ganyayen da suka zuba da gansakukar gindinsu suna riƙe ruwan sama su sake shi a hankali. In aka sare su sai idanun ruwa su ƙafe da rani, da damina kuwa ruwa ya kwararo gaba ɗaya ya zaizaye ƙasa. Bayan shekara ashirin da 'yan kai wani Bafaranshe, Boussingault, ya ziyarci tafkin. Ya tarar yaƙin neman 'yanci ya kori manoma, daji ya sake rufe gonaki, ruwan kuma ya ƙaru.

A Kan Tsaunukan Andis

Bayan zama a Kyuba suka dawo ta Kolombiya a 1801, suka bi kogin Magdalena, suka haura Bogota, inda suka yi wata biyu suna duba tarin zanen tsirrai na dattijon masani José Celestino Mutis. Daga nan suka nufi kudu ta mashigin Quindío, hanya mai taɓo da ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Al'adar wurin ita ce masu hali su hau kujera a ɗaure a bayan 'yan dako, a goya su har a tsallake tsaunin. Humboldt da Bonpland suka ƙi, suka taka da ƙafarsu har takalmansu suka yayyage. A wannan hanya suka ga wani itace ɗan dangin giginya da dabino, mai kaki a jikinsa, wanda tsawonsa kan kusanci mita 60. Abin mamakin shi ne an san danginsa da son zafi, ga shi kuwa yana tsaye cikin sanyi da hazo a sama da mita 2,000. A dazuzzukan Kolombiya ne kuma suka tara itacen da Bonpland ya raɗa wa suna Quercus humboldtii don girmama abokinsa.

Sun isa birnin Kito na ƙasar Ikwado ta yau a Janairun 1802, suka yi watanni suna hawan duwatsu masu aman wuta da ke kewaye, irin su Pichincha da Antisana. Yadda suke aikin shi ne abin lura. Duk inda Bonpland ya tsinki ganye ko fure, Humboldt zai fiddo na'urar awon nauyin iska, wadda da ita ake gane tsawon wuri daga doron teku, ya rubuta. Zai auna zafin iska, da zafin ƙasa, da laimar da ke cikin iska, da zafin da ruwa ke tafasa a wurin, har da shuɗin sararin sama. Kafin su, mai tara tsirrai yakan wadatu da rubuta sunan ƙasar da ya samo tsiro. Su kuwa sai da suka haɗa kowane tsiro da hawansa da yanayinsa.

Ranar 23 ga Yuni, 1802 suka tunkari Cimborazo, wanda a zamanin ake ɗauka shi ne tsauni mafi tsawo a duniya. 'Yan dako suka juya da aka kai bakin ƙanƙara. Saura mutum huɗu: Humboldt, da Bonpland, da wani saurayi ɗan manyan Kito mai suna Carlos Montúfar, da wani mutum na huɗu da ya raka su. Ba su da tufafin sanyi na kirki. Suka bi wani siririn doron dutse, wani wuri da rarrafe, hazo ya rufe su, jiri da tashin zuciya suka kama su, dasashinsu da leɓɓansu na zubar da jini. Duk da haka Humboldt bai fasa tsayawa yana awo da daskararrun yatsu ba, yana rubuta inda ciyawa ta ƙare da inda ya ga gansakukar dutse ta ƙarshe. Wata ƙatuwar tsaga ce ta tare su. Bisa ga lissafinsa sun kai mita 5,878. Masanan baya suna ganin bai kai haka ba, amma dai a lokacin an ɗauka babu ɗan Adam da aka san ya taɓa kai wannan hawa. Ƙololuwar tsaunin, wadda ta haura mita 6,260, ba a taka ta ba sai a 1880, lokacin da Baturen Ingila Edward Whymper ya hau.

Daga nan suka gangara Loja don ganin dazuzzukan sinkona, itacen da ake samun kwinin daga ɓawonsa, maganin zazzaɓin cizon sauro. Humboldt ya ga yadda ake sare shi ana ɓare shi ba tare da dasa wani ba, ya yi gargaɗin cewa zai iya ƙarewa. Suka wuce Lima, suka yi shekara guda a Meziko, inda ya sake ganin hawa-hawar dazuzzuka daga bakin teku har zuwa dajin fain na saman tsaunuka. Suka biya ta Amurka ya gana da Shugaba Thomas Jefferson, suka sauka Faransa a Agustan 1804 da samfurin tsirrai kimanin 60,000, na ire-ire wajen 6,000.

Zanen Cimborazo

Tun a Guayaquil, a farkon 1803, Humboldt ya zana abin da ya fi kowane aikinsa shahara. An buga shi a 1807 tare da littafinsa kan yadda tsirrai suka rarrabu a doron ƙasa, ya kuma sadaukar da bugun Jamusanci ga abokinsa, marubuci Goethe. Hoton tsauni ne da aka tsaga kamar an yanka kabewa. A jikin tsagin an rubuta sunayen ɗaruruwan tsirrai, kowanne a daidai hawan da yake fitowa, a dama da hagu kuma ga jadawalin zafi da nauyin iska da dabbobi da amfanin gona na kowane hawa. Bisa ga awonsa, ayaba da dangin giginya sun mamaye ƙasa har kimanin mita 1,000. Sinkona yana kaiwa kusan mita 3,000. Manyan itatuwa suna ƙarewa, ƙanana su ci gaba zuwa wajen mita 3,500, ciyawa ta kai mita 4,600, sannan ƙanƙarar da ba ta narkewa ta fara a kusan mita 4,800. A jadawalin noma, rake da koko suna ƙasa, alkama a tsakiya, sha'ir da dankali a sama. Wannan dankalin shi muke kira dankalin Turawa, alhali asalinsa na mutanen Andis ne, Turawa kawo mana shi kawai suka yi.

Hikimar zanen tana cikin kwatancin da ya biyo baya. Humboldt ya nuna cewa mai hawan tsauni a kusa da ikwaita tamkar mai tafiya ne daga ƙasashen zafi zuwa ƙuryar arewacin duniya. Abin da matafiyi zai yi dubban kilomita kafin ya gani, mai hawa zai gan shi cikin kwana biyu. Dalili kuwa shi ne zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, kuma wannan ne ya sa Jos, wadda ke kan tudu mai tsawon wajen mita 1,200, ta fi garuruwan kwari sanyi. Da ya jera Andis da tsaunukan Alps na Turai da na Lapland a can arewa, ya yi amfani da awon masana irin su Göran Wahlenberg, sai ya ga iyakar itatuwa tana saukowa gwargwadon nisan wuri daga ikwaita. A Alps tana wajen mita 2,000 ko sama kaɗan, a arewacin Lapland 'yan ɗaruruwan mita ne, gaba kaɗan kuma ta sauko har bakin teku. A 1817 ya ƙirƙiro layukan da ake ja a taswira don haɗa wuraren da zafinsu ya zo ɗaya, waɗanda har yau ake koyarwa a darasin labarin ƙasa.

Humboldt ya gano cewa sanyi ne yake shata layin, amma yadda sanyin yake yin haka sai daga baya aka fahimta. A 2004 Christian Körner na Jami'ar Basel da Jens Paulsen suka fitar da sakamakon awon da suka yi a wurare 46 a sassan duniya. Suka tarar cewa ko a Andis ko a Alps ko a Himalaya, itatuwa kan tsaya ne inda matsakaicin zafin ƙasa a lokacin tsiro yake wajen digiri 6.7. Wato tsananin hunturu ba shi ne babban abin da ke hana su ba. Akwai itacen Larix a arewacin Siberiya da ke jure sanyin da ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri, yana zubar da siraran ganyensa ya yi barci har bazara. Abin da itace ba ya iya jurewa shi ne rashin isasshen ɗumi a lokacin da ya kamata ya yi sabon reshe da sabuwar saiwa, domin ƙwayoyin jikinsa kusan ba sa hayayyafa in zafi ya gaza digiri 5. Tsawon itace kuma shi ne ya zame masa illa. Kansa yana can sama cikin iska mai sanyi, inuwarsa tana hana rana ɗumama ƙasar da saiwarsa take. Ciyawa da ƙananan tsirrai kuwa suna lafe a ƙasa, suna morar ɗumin da rana ta bari a jikin duwatsu, shi ya sa suke wuce itatuwa hawa. Akwai gwanaye a cikin itatuwan, irin su Polylepis na Andis, mai karkataccen jiki da ɓawo falle-falle kamar takarda, wanda a dutsen Sajama na Bolibiya yake kaiwa kusan mita 5,000. Haka kuma a wurare da yawa gobarar makiyaya da kiwo sun tura daji ƙasa da inda sanyi kaɗai zai tsayar da shi.

Akwai wani haƙƙi da ya kamata malami ya sani kafin ya gabatar wa ɗalibai wannan tarihi. A Ikwado Humboldt ya zauna da wani masani ɗan Popayán, Francisco José de Caldas, wanda ya koyar da kansa kimiyya, ya gano hanyar auna tsawon wuri ta zafin tafasar ruwa, ya kuma zana taswirorin hawan tsirrai a Andis a daidai wannan lokaci. Caldas ya so ya bi su tafiya, Humboldt ya zaɓi Montúfar. Masana tarihi suna muhawara kan wanda ya ƙaru da wani a cikinsu. Abin da ba a musu a kansa shi ne Humboldt yana da dukiya da maɗaba'un Faris, Caldas kuwa yawancin zanensa ya kwanta a ma'ajiya, sojojin Sifen suka harbe shi a 1816 saboda goyon bayan 'yancin ƙasarsa. A ganina ambaton da Humboldt ya yi masa a rubuce-rubucensa bai kai gwargwadon aikinsa ba.

Rasha da Shekarun Ƙarshe

Humboldt ya zauna a Faris har 1827 yana buga sakamakon tafiyarsa, kimanin mujalladi 30, aikin da ya cinye gadonsa kakaf. Ya yi ta neman izinin zuwa Himalaya don ya kwatanta su da Andis, kamfanin Ingila da ke mulkin Indiya bai ba shi ba. Ana danganta hakan da sukar da ya yi wa mulkin mallakar Sifen. Ƙyamarsa ga bauta ba ɓoyayya ba ce. Ya yi dogon babi a kanta a littafinsa kan Kyuba, kuma da wani Ba'amurke ya fassara littafin a 1856 ya cire babin, Humboldt ya fito a jarida ya yi tir da shi.

Damar ganin dazuzzukan sanyi na Asiya ta zo masa a 1829, yana gab da cika shekara 60, bisa gayyatar Sarkin Rasha Nicholas na I. An gindaya masa sharaɗin kada ya ce uffan kan halin da talakawa suke ciki, ya kuma amince, abin da ba ya cikin abubuwan da ake yabonsa da su. Tare da Gustav Rose da Christian Ehrenberg ya yi tafiyar kimanin kilomita 15,000 a keken doki, ya ratsa tsaunukan Ural da filayen Siberiya da tsaunukan Altai har iyakar ƙasar Sin. A Ural ya ga yadda ake cinye daji don yin gawayin narka ƙarfe, ya ja hankalin hukuma. Ya kuma shawo kan gwamnatin Rasha ta kafa tashoshin awo a faɗin ƙasarta, waɗanda suka taimaka wajen nuna yadda hunturun tsakiyar nahiya ya fi na bakin teku tsanani. A littafinsa na 1843 kan tsakiyar Asiya ya lissafa hanyoyi uku da ɗan Adam yake sauya yanayi: sare dazuzzuka, da karkatar da ruwa, da tururi da hayaƙin masana'antu.

Sauran rayuwarsa ya ƙare ta a Balin yana bafaden sarki, yana rubuta Kosmos, littafin da ya so ya tattara ilimin sama da ƙasa a ciki. Mujalladi na farko ya fito a 1845, na biyar sai a 1862, bayan ba ya nan. Matasa da yawa sun tashi a kan littattafansa, ciki har da Charles Darwin. Bai taɓa aure ba. Ya rasu ranar 6 ga Mayu, 1859, yana da shekara 89, shekara guda bayan Bonpland, aka binne shi a Tegel kusa da wansa. Ɗan abin da ya mallaka ya bar wa baransa Johann Seifert.

Komawa Kan Tsaunin

A 2012 wata masaniya 'yar ƙasar Denmark, Naia Morueta-Holme, da abokan aikinta suka hau Cimborazo riƙe da bayanan Humboldt, don su ga ko tsirran suna nan inda ya bar su. Sakamakon da suka buga a 2015 ya nuna cewa tsirrai sun haura sama da fiye da mita 500 cikin shekara 210, ƙanƙara kuma ta ja baya, abin da suka danganta musamman da ɗumamar yanayi. A 2019 Pierre Moret da wasu masana suka koma kan littattafan tafiyar da takardun da ke manne da busassun tsirran a Faris. Suka gano cewa yawancin tsirran saman zanen a dutsen Antisana aka tsinko su, Humboldt ya ɗora su a hoton Cimborazo ne don tsaunin ya wakilci yankin baki ɗaya, kuma shi da kansa ya gyara wasu alƙaluman a bugun baya. Sai suka nemo wurin da aka yi tsinkar a Antisana a watan Maris na 1802, suka sake awo. Suka tarar tsirran sun haura da mita 215 zuwa 266.